Gahawar Da Intisar Ta Ƙi Sha

Har yau Intisar tana rantsuwa cewa ta ji ƙarar gwiwar mijinta daga ɓangaren mata, duk da rugugin ganga da sarewar da ke tsaga kunne. Bikin ɗan maƙwabcinsu ake yi bayan la'asar, a filin bayan masallaci. Mijin nata, Miflih, yana kan gaba a layin rawar dabka kamar kullum, maza talatin kafaɗa da kafaɗa a bayansa, yana wulwula carbinsa sama. Ya daka tsalle, ya durƙusa, ya zabura zai juya, ƙafar dama ta ƙi bin sa. Ƙas! Ya zube kamar buhun alkama.

Kafin ta ratsa mutane ta isa wurinsa, har ya fara shirga wa jama'a ƙarya.

"Santsi ne! Wa ya zubar da ruwa a nan? Ku ci gaba da kiɗa!"

"Wane santsi, Abu Yazan, a ƙasar da rabonta da ruwa sati uku?" in ji Intisar. "Tashi mu gani."

Bai tashi ba. Maza huɗu ne suka kai shi mota.

Shekara talatin da biyar Miflih yana jan layin dabka a ƙauyensu da ƙauyukan da ke kewayen Irbid. Ya yi wa 'ya'yan kowa rawa, na masu so da na masu gaba da shi. Biki ɗaya ne ya rage masa, wanda yake jira tun ranar da ungozoma ta miƙo masa jaririya: na Ruwaida, 'yarsu mace tilo. An sa rana watan Satumba. Yanzu ana Afrilu.

A asibitin ƙashi na Irbid, Dakta Lamis ta juyo musu da hoton gwiwar, ta nuna wani farin zare da biro.

"Wannan ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki. Ta yage, amma ba ta tsinke duka ba. Hanya biyu ce. Ko tiyata, kuma kafin ka sake yin tsalle sai an yi wata tara zuwa shekara."

"Ta biyun," in ji Miflih.

"Ai ba ka ji ta ba tukuna."

"Kowace iri ce. Bikin 'yata saura wata biyar."

Likitar ta kalli Intisar, Intisar ta ɗaga kafaɗa. Haka ta same shi, haka take zaune da shi.

"Za mu zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunka," in ji likitar. "Mu sa a na'ura ta tace, mu ware ƙwayoyin da jiki ke gyara kansa da su, mu zuba su da allura daidai inda jijiyar ta yage. Amma ka saurare ni da kyau. Ba alkawari nake yi maka ba. Wasu tana yi musu aiki, wasu ba ta yi, kuma masu bincike ba su gama magana a kanta ba."

Miflih ya shafa gashin bakinsa. Manomin zaitun ne, nan da nan ya gane.

"Wato aure za ki yi mata, kamar yadda nake yi wa zaitun. A yanko daga nan a dasa can."

"Kusan haka. To, reshen da ka yi wa aure, kana girgiza shi?"

"Subhanallahi! Ɗaure shi ake yi, a ƙyale shi. Ko akuya ba na bari ta wuce ta gefensa."

"Madalla. Sati shida ƙafar nan tana cikin ƙarfen ɗauri. Ba gona, ba tuƙi, ba lanƙwasawa. Salla a zaune. Zama a kujera mai tsawo. Kada ka sha ƙwayar rage kumburi sai wadda na rubuta. Bayan sati uku ka dawo in duba."

Ranar allurar, mutumin da ya taɓa cire haƙorinsa da filaya ya ga tsawon ƙarfen da za a soka masa a ƙugu, ya damƙi hannun Intisar har zobenta ya shige nama.

"Tsoro kake ji, Abu Yazan?"

"Ke nake riƙewa kada ki suma."

"Allah Ya saka da alheri," ta ce, ta ƙara matse hannunsa.

Kafin motarsu ta shigo ƙauye labari ya riga su. Ɗansu Yazan, malamin makaranta, ya ajiye wa uban kujera mai tsawo a ɗakin baƙi, a tsakiyar katifun da ke shimfiɗe jikin bango. Daga ranar gidan bai sake zama shiru ba. Dangi, maƙwabta, 'yan layin dabka, iyayen duk yaran da ya taɓa yi wa rawar biki, har da wani direban bas daga Ramsa da ya ce Miflih ne ya ja layi ranar auren kakansa, abin da lissafi bai yarda da shi ba. Takalma suka cika ƙofa. Intisar da Ruwaida suna kicin daga safe har isha, wannan na dafa gahawa, waccan na wanke finjalai. Ko leƙa ɗakin maza ba su da lokacin yi.

Bayan sati uku Dakta Lamis ta kwance ƙarfen, ta tsaya tana kallon gwiwar da ta kumbura kamar kankana.

"Ka je gona."

"Wallahi ban je ba."

"Ka yi tuƙi. Ko ka gwada rawa a ɓoye."

"Dakta, ni shaida ce," in ji Intisar. "Ko ƙofar gida bai taka ba. Yana zaune a ɗakin baƙi wuni guda."

Likitar ta murza ƙafar a hankali. Miflih ya cije leɓe.

"Gwiwar da ta huta ba ta yin haka. Ban san abin da kuke yi mata ba, amma ku daina. In kumburin nan bai sauka ba, in na ga tana rawa a hannuna kamar yau, sai tiyata. Bikin 'yarka kuwa daga kan kujera za ka kalle shi."

Da motarsu ta kusa gida Intisar ta saci kallon Miflih, ta ga yana murza carbinsa, bakinsa ba ya motsi. Taku yake ƙirgawa da shi, irin na rawa. Ta kawar da kai.

Washegari ta ɗauko tiren gahawa da kanta. Maimakon ta buga ƙofa Yazan ya karɓa, ta tsaya ta leƙa ta tsagar labule. Abin da ta fara gani shi ne kujerar nan mai tsawo a can lungu, an jibga mata rigunan sanyi na baƙi. Miflih yana ƙasa kan katifa. Aka yi sallama. Ya dafa bango, ya cije haƙora, ya miƙe cak, ya rungumi baƙon, kumatu dama, kumatu hagu. Ya koma ƙasa. Bai gama gyara zama ba wani ya tashi tafiya, ya sake miƙewa, ya ɗingisa ya raka shi bakin ƙofa.

Intisar ta ji tiren yana neman kuɓuce mata. Ita kanta da ta rantse wa likita, da gaskiya ta rantse. Wa zai kira tashi wa baƙo aiki? Kamar a ce numfashi aiki ne.

Ta zaro carbinta, ta ja kujerar kicin kusa da labulen. Duk tashi ta ja ɗaya. Kafin kiran magariba ta zagaye carbin sau biyu da ƙarin takwas.

Da ɗakin ya watse ta shiga, ta ajiye masa carbin a cinya.

"Saba'in da huɗu."

"Istigfari ko salati?"

"Tashinka da zamanka. Yau kaɗai. Ko ranar bikin ɗan shugaban ƙauye ba ka lanƙwasa gwiwar nan sau saba'in da huɗu ba."

Ta ga alamar shi ma bai taɓa kawo abin a ransa ba. Amma nan take ya tamke fuska.

"To me kike so? Mutum ya taso daga garinsu ya shigo gidana, in miƙe ƙafa ina kallonsa?"

"Ga kujera can."

"In hau sama baƙona yana ƙasa, kamar alƙali da ɓarawo? Mahaifina ranar da zai rasu sai da ya sa aka ɗaga shi ya gaisa da liman a tsaye."

"Kuma ya rasu da yamma, Allah Ya ji ƙansa. Ni ma ina wurin."

"Ummu Yazan!"

"Abu Yazan, zaɓi ɗaya. Ko ka tashi wa direban Ramsa, ko ka tashi wa Ruwaida."

Ya juya mata ƙeya. "Duka biyun zan yi."

Ta kira Dakta Lamis a waya ta gaya mata adadin. Likitar ta ce ita ma haka mahaifinta yake, kuma laifinta ne da ba ta tambaya ba. Ta ce a fara ƙirga daga farko, kwana arba'in, ba tashi sai na dole.

Yazan ya ce a manna takarda a ƙofa, an hana ziyara. Ruwaida ta ce ya gwada, in yana so uban ya kore shi daga gida. Intisar ta bar su suna musu. Da hantsi ta yafa mayafi ta nufi gidan Haji Daifalla, ƙanin mahaifin Miflih da suke kira Ammi, wato baffa, mai shekara tamanin da huɗu, wanda shi ya fara koya masa taku. Ta same shi yana ba tattabaru hatsi. Ta zayyana masa komai, sannan ta faɗi abin da ta zo nema.

"Ammi, ranar Juma'a in an miƙa maka gahawa, ka ajiye ta ƙasa kada ka sha."

Tsohon ya kalle ta ta saman tabarau. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma ba zai taɓa shi ba sai mai gida ya ce an biya masa. Mai gidan da ya bar gahawa ta huce a gaban baƙonsa, har jikokinsa sai sun sha gori.

"'Yata, finjali na neman aure ne da sulhun jini. Ba a ajiye shi don gwiwa."

"Wannan ma ai ta aure ce, Ammi."

"Bakinki ya fi na mahaifiyarki kaifi, Allah Ya gafarta mata. A'a. In ce wa namiji kada ya tashi wa baƙonsa? Ni da na rene shi a kan haka? Je ki shafa masa man zaitun mai ɗumi."

Ta dawo gida ranta a dagule. Tana wanke finjalai, ta tsaya da ɗaya a hannu, tana juya shi. Ruwaida ta ce, "Mama, lafiya kike murmushi ke kaɗai?"

"Goge min baƙar rigata mai jan ɗinki."

Ranar Juma'a da safe Intisar ta fita ta ƙofar baya ta tafi gidan yayanta. Bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ɗakin baƙi yake cika maƙil, aka ji sallamar mace daga babbar ƙofa. Ta shigo cikin rigar da ba ta sawa sai ranar biki. Maza ashirin da wani abu suka juyo suna kallonta. Miflih ya fara dafa bango bisa sabo, ya ga ko wace ce, ya tsaya rabi.

"Ummu Yazan, kin ɓata hanya ne? Kicin yana can."

"Ba Ummu Yazan ba ce. Intisar ce 'yar Falah, daga gidan yayana na fito, ta ƙofar baƙi na shigo. Ko a gidan nan ba a ba baƙo gahawa?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari. Ta zauna a gefen katifa, daura da mijinta. Yazan yana riƙe da butar gahawa, ya kalli uban, ya kalli uwar, gumi ya karyo masa.

"Zuba mata mana," in ji Miflih ta tsakanin haƙora.

Ya zuba. Ta karɓa da hannun dama. Ƙanshin ya daki hancinta, ita ta dafa gahawar da asuba. Ta sunkuya ta ajiye finjalin a ƙasa, a gabanta, ta naɗe hannuwa.

Miflih ya ƙura wa finjalin ido.

"Wannan wasan yara ne," in ji Miflih. "Mace ba ta... a gidanta kuma... Ammi, gaya mata."

Duk ido ya koma kan Haji Daifalla. Finjalinsa yana hannunsa, ya kai shi rabin hanyar baki. Ya daɗe yana kallon Intisar. Sannan ya kalli gwiwar ɗan wansa, wadda ta cika ƙarfen ɗaurin har tana neman fasa shi. Ya yi tsaki, ya sunkuya da ƙyar, ya ajiye nasa kusa da nata.

"Yarinyar nan za ta kashe ni," ya ce. "Tawa ma ta tsaya."

Mai ganga na ƙauyen ya ajiye nasa. Liman ya ajiye. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa jin ƙas, ƙas a kan tabarma. Yazan kansa ya dire butar.

Miflih ya bi finjalan da kallo, tururinsu yana raguwa. Gashin bakinsa yana rawa, Intisar ba ta iya gane ko fushi ne ko dariya ba.

"Ku sha gahawarku," ya ce daga ƙarshe. "Abin da kuka zo nema kun samu."

"Ai ba ka ji shi ba tukuna," in ji Intisar.

"Shekara talatin da biyu ina zaune da ke. Faɗi dai, don mutane su ji."

"Kwana arba'in a kan kujerar can. Ba za ka tashi wa kowa ba. Ko liman, ko Ammi, ko gwamnan Irbid."

"Na ji."

"Ka faɗa da bakinka."

"Ba zan tashi ba! Sha abin nan kafin ya huce ki ja min abin kunya, 'yar Falah!"

Ta sha. Ɗakin ya kece da dariya. Samari biyu suka kwashe riguna daga kujerar, suka ɗora shi a kai, yana zaginsu da iyayensu ɗaya bayan ɗaya.

Kwana goma sha biyu abu ya tafi daidai. 'Yan ƙauye sun san zancen, tun daga ƙofa suke ɗaga murya, "Zauna, Abu Yazan, mun san kana ɗaure!" Kumburin ya fara sauka. Intisar har ta fara sakin jiki.

Rana ta goma sha uku motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida ba sanarwa. Ruwaida ta leƙa ta taga, ta dafe ƙirji.

"Mama! Baban Muhannad ne!"

Muhannad shi ne angon. Mahaifinsa ya yi tafiyar awa uku daga Karak da 'yan'uwansa biyar don duba surukinsa. Dattijo ne mai ji da kansa, wanda aka ce ya taɓa fasa cinikin gona don an miƙa masa gahawa da hannun hagu. Kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa zancen finjali.

Intisar ta ruga bayan labule. Abu Muhannad ya shigo da alkyabbarsa, ya yi sallama. Duk ɗakin ya miƙe, ban da mai gidan, wanda ke ɗare a kan kujera sama da kowa. Baƙon ya tsaya. Fuskarsa ta canja. Ya dubi ƙannensa, ya fara tattara bakin alkyabbar kamar mai shirin juyawa.

Ta ga hannuwan Miflih sun damƙi hannun kujera. Ta ga ya fara ɗagowa. Ba ta da hanyar shiga, ba ta da bakin magana. Ta ɗauki finjali daga tire ta ƙwanƙwasa shi a jikin ƙofa, sau ɗaya. Ya ji. Ya runtse ido, ya koma ya zauna, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi.

Abu Muhannad ya juya.

"Tsaya nan, ɗan Karak!"

Haji Daifalla ne. Ya dogara sandarsa ya tako tsakiyar ɗaki, ƙasusuwansa suna ƙara.

"Yaron nan ɗaure yake da alkawarin finjali, a gaban maza ashirin. In ya tashi maka, ya zama mutumin da maganarsa ba ta da nauyi. Irin gidan da kake so ɗanka ya ɗauko mata ke nan? Ni ne ƙanin ubansa. Daga yau ni ne ƙafafunsa. Ga ni na tashi maka, zo ka gaishe ni, kada in faɗi."

Abu Muhannad ya juyo. "Wa ya ajiye masa finjalin?"

"Matarsa."

"Matarsa?" Ya kalli Miflih, ya kalli labulen da ke motsi. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya rungumi tsohon, sannan ya sunkuya ya sumbaci goshin Miflih. "Allah Ya ba ka haƙuri, ɗan'uwana. In 'yar ta gado uwar, Muhannad ya shiga uku."

Haji Daifalla bai yi wasa da maganarsa ba. Kullum da hantsi yake zuwa ya zauna gefen kujerar, duk sallama ya miƙe yana nishi yana tsine wa gwiwar da mai ita. Intisar ta riƙa dafa masa shayi da na'ana'a na musamman. Ya ce ba cin hanci zai sa ya yafe mata ba, ya miƙo kofi a ƙara.

Ranar da kwana arba'in suka cika, Dakta Lamis ta murza ƙafar, ta ja, ta tura. Ta sa aka sake ɗaukar hoto. Ta daɗe tana dubawa.

"Ta kama, ba laifi. Ko allurar ce, ko hutun ne, ko duka biyun, ba zan iya rantsewa ba. Yanzu sai gashin ƙashi, wata uku, ba fashi. In ka bi, za ka ja layi. Minti goma. Ba tsalle, ba durƙuso."

"Dabka ba tsalle? Wannan ai tafiya kasuwa ce."

"Ko kujera," in ji Intisar.

"Minti goma," ya ce da sauri.

Da suka dawo gida aka mayar da shi ɗakin baƙi, jama'a suka taru a ga wanda zai fara tashi wa. Liman ya shigo, Miflih yana zaune. Haji Daifalla ya fita ya sake shigowa da gangan, Miflih ko motsi. Aka fara gunaguni, wai zaman ya yi masa daɗi.

"Yazan," ya ce, "je ka ce wa mahaifiyarka ta kawo gahawar da kanta."

Intisar ta shigo da tire, hannunta duk kumfar wanke-wanke, tana mita. Tana ɗaga labule ya dafa hannun kujera, ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa biyu, ya gyara rawaninsa.

"Maraba da 'yar Falah," ya ce.

Shekara talatin da biyu tana kawo tire ɗakin nan, bai taɓa tashi mata ba sai yau. Ta tsaya cak da tiren a hannunta.

"Zauna, tsohon banza," ta ce. "Likita ba ta ce ka yi ta tashi ba gaira ba dalili."

Ranar bikin, bayan la'asar, aka fito da Ruwaida cikin farar riga. Mai sarewa ya busa, ganga ta amsa. Miflih ya kama kan layi, ƙarfen ɗaurin a ɓoye ƙarƙashin wando, Abu Muhannad a kafaɗarsa, Yazan na biye. Ya ɗaga carbi, ya buga ƙafar hagu, ƙasa ta amsa. Ba tsalle, amma kafaɗunsa da wuyansa suna yin abin da samari ke kwana suna koyo ba su iya ba. Ya ja layin ya zagaya da shi har gaban 'yarsa, ya tsaya yana taku a wuri ɗaya. Ruwaida tana dariya, kwalli yana bin kumatunta.

Sai kiɗa ya yi zafi. Intisar ta san wurin, nan ne yake durƙusawa ya zabura. Ta ga ya ja numfashi, ta ga gwiwoyin sun fara sassautawa. Ta fizgi finjali daga tiren da ke wucewa, ta ɗaga shi sama da kawunan mata.

Ya gani. Ya yi mata wani kallo na mutumin da aka zalunta. Sannan ya miƙe sosai, ya cilla wa Yazan carbin.

"Yi tsallen, ɗan Intisar! Kuma in ka karye, ni ba ruwana!"

Yazan ya daka tsalle, fili ya ɗauki guɗa. Miflih ya miƙa wa 'yarsa hannu, suka ci gaba da takawa a hankali, minti goma ta wuce, ta zama sha biyar. Intisar tana kallon agogo, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta kai finjalin baki ta shanye.